Kwalara ta shigo unguwa: tambayoyin masu bi a Sudan kan tsoro, addu'a da jinya

Wasiƙun wannan fitowa daga 'yan'uwa Kiristoci masu jin Hausa da ke zaune a Sudan suka zo. Ba su da yawa, domin galibin Hausawan Gadarif, Kasala, Sinnar da Damazin Musulmi ne, amma suna nan, suna sujada tare da 'yan'uwa Nuba da 'yan Sudan ta Kudu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 harkar ruwan sha ta lalace a garuruwa da dama. An sanar da ɓarkewar kwalara a Gadarif a Satumba 2023, aka sake sanar da wata a Agusta 2024, wadda ta taso daga Kasala ta bazu zuwa jihohi da yawa. Fasto da ma'aikaciyar jinya ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Baba Fasto, salama. Tun da aka fitar da gawa biyu daga layinmu barci ya ƙaurace mini. Da yaro ya ce cikinsa, sai gabana ya faɗi. Nakan durƙusa in yi addu'a, bakina ya ƙi buɗuwa. Wata a zumuntar mata ta ce mai bangaskiya ba ya tsoro. Na fāɗi ke nan?
Wata uwa, Gadarif

Amsa: 'Yar'uwa, ba ki fāɗi ba. A Zabura 56:3 Dawuda bai ce tsoro ba ya kama shi ba, cewa ya yi ran da tsoro ya kama shi zai dogara ga Allah. Ubangiji Yesu kansa a Gatsemani ya gaya wa almajirai uku cewa ransa yana cikin baƙin ciki har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna su yi tsaro tare da shi (Markus 14:33-34). Wadda ta faɗa miki waccan magana wataƙila ƙarfafa ki take nufi, amma ta ɗora miki kaya biyu, tsoro da jin laifi. Sauke na biyun.

In baki ya ƙi, kada ki tilasta wa kanki doguwar addu'a. Ki kira sunayen yaranki ɗaya bayan ɗaya, bayan kowane suna ki ce, "Ya Ubangiji, ka yi jinƙai." Addu'a ce cikakkiya. Romawa 8:26 ya nuna cewa sa'ad da ba mu san abin da za mu roƙa ba, Ruhu da kansa yake roƙo dominmu. Ki kuma ari bakin Zabura: 121 da safe, 46 da dare, ki karanta a fili yara suna ji. Ki nemi 'yar'uwa guda wadda za ku riƙa addu'a tare a lokaci tsayayye, ko ta waya ce. Bayan magariba ki ajiye saƙonnin WhatsApp masu hotunan gawarwaki, ba sa ƙara miki sanin komai, barci kawai suke ci.

Rabin tsoron dare kuwa rashin sanin abin da za a yi ne. Kafin ki kwanta, ki tara waɗannan wuri ɗaya: lita biyu na dafaffen ruwa a rufe, ƙunshin gishirin ORS (garin da ake damawa da ruwa a ba mai gudawa) ko kuma sukari da gishiri, cokalin shayi, sabulu, tocila, da sanin cibiyar jinyar kwalara mafi kusa da wanda zai kai ku. Ki kuma riƙe wannan: in an ba mai kwalara ruwa da wuri kuma yadda ya kamata, waɗanda ke mutuwa ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. In aka yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, ki gaya wa ma'aikacin lafiya, wannan ma abin dubawa ne.

Tambaya: Mijina ya hana ni sa ƙwayar kulorin a ruwa. Ya ce Zabura 91 ta ce annoba ba za ta kusanci gidanmu ba, wanda ya sa magani bai gaskata ba. Daga mai karo, wato amalanken jaki, muke sayen ruwa. Ba na son saɓa masa.
Matar aure, Kosti

Amsa: Mama, a karanta wa maigida wannan cikin ladabi, domin mutum ne mai son Maganar Allah. Zabura 91 gaskiya ce, muna rera ta. Amma ita ce dai Iblis ya janyo sa'ad da ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya dira, mala'iku za su tare shi. Yesu ya amsa da cewa kada a gwada Ubangiji Allah (Matiyu 4:5-7). Ba wa yaro ruwan da aka san ana zarginsa, alhali abin gyara shi yana hannu, dira ne daga kan Haikali. Allah ɗin da ya yi alkawarin tsaro shi ne ya umarci Isra'ilawa su keɓe wurin bahaya a bayan zango, kowa ya riƙe abin tono ya rufe (Maimaitawar Shari'a 23:12-13). Da Hezekiya ya yi kuka ga Allah aka ƙara masa shekara 15, annabi Ishaya ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun (Ishaya 38:21). Alkawari da magani a babi ɗaya suke.

Ku mutanen Kosti kun gani da idonku. A Fabrairu 2025, bayan harin da ya lalata tashar lantarki, famfo ya tsaya, jama'a suka koma ɗiban ruwa daga Farin Nilu da gangunan karo, cikin 'yan kwanaki asibiti ya cika. Ruwan na iya zama garau a ido yana ɗauke da cutar.

Hanya mafi tabbaci ita ce tafasawa: ruwan ya yi ta ɓulɓula sosai na minti ɗaya cur, ba ɗumi kawai ba. In gawayi ya yi tsada, sai kulorin. Ƙwayoyin sun bambanta da ƙarfi, akwai ta lita 1, akwai ta jarkar lita 20, don haka a duba rubutun ƙunshin ko a tambayi wanda ya raba. In ruwan bilic na wanki ne mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, marar turare, ɗigo 2 ake sa wa lita ɗaya, rabin cokalin shayi kuma ga jarkar lita 20. A girgiza, a rufe, a jira minti 30. Nan mutane suke yawan kuskure, a sa magani a sha nan take, ƙwayar cutar ba ta mutu ba tukuna. Bayan minti 30 ya kamata a ji ɗan warin kulorin. In babu, a sake sawa a sake jira. Ruwa mai laka, irin na damina, a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, sannan a ninka maganin, domin dauɗar tana cinye ƙarfin kulorin.

Sai randa. Ana iya gyara ruwa tsaf, yaro ya fito daga bayan gida ya zura moɗa har wuyan hannunsa ya nutse, aikin ya tashi a banza. A ajiye ruwan sha a jarka mai ƙaramin baki ana tsiyayawa, ko a sami ludayi mai dogon mariƙi a rataye shi, kada a ajiye a ƙasa. In maigida warin ne ba ya so, a tafasa masa nasa.

Tambaya: In gudawar ta kama mutum da tsakar dare, ba mota, ba a fita saboda tsaro, me za mu yi? Dattawanmu sun ce a fara tara 'yan'uwa a yi addu'a.
Wani matashi, Omdurman

Amsa: Ɗan'uwa, a yi addu'a da baki, hannu yana dama ruwa. Ba a jiran kowa ya iso. Kwalara tana bayyana tsakanin awa 12 da kwana 5 bayan an sha ko an ci abin da ya gurɓata. Gudawa ce tsululu, fara-fara kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa ba zazzaɓi, ga amai, ga ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. Babban mutum na iya zubar da kusan lita ɗaya cikin awa ɗaya in ta yi tsanani. Ƙarewar ruwa da gishirin jiki ne ke kisa, kuma cikin sa'o'i kaɗan. Awa biyu da za a ɓata ana jiran taro na iya zama su ne duka damar da ake da ita.

In akwai ƙunshin ORS, a zuba ɗaya duka cikin lita ɗaya na dafaffen ruwa ko wanda aka sa wa kulorin. Robar ruwa ta rabin lita sau biyu ita ce lita. In babu ƙunshi, a sa sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi cikin lita ɗaya. Cokalin a shafe yake, ba a tule ba: a cika, a bi samansa da bayan wuƙa. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Sukarin ne ke jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa ya bi su, shi ya sa ruwa zalla ba ya isa. In sukari ya yi yawa, janyo ruwa yake yi zuwa cikin hanji gudawar ta ƙaru, don haka lemon kwalba ba madadi ba ne. In gishiri ya yi yawa kuwa yana iya sa yaro jijjiga. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a dama sabo.

Bayan kowace gudawa, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, wato kwata zuwa rabin babban kofi. Daga shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi guda. Manya su sha iyakar abin da za su iya, suna kurɓa ba tsayawa. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba, cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu. Mutane sukan ce "ai yana amayarwa" su daina, alhali wani kaso yana zama a ciki. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Yara a ba su ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga wanda bai kai wata 6 ba.

A duba mara lafiya da tocila. A tsunkuli fatar cikinsa a saki: in ta tsaya a tattare fiye da daƙiƙa biyu kafin ta koma, ruwan jiki ya yi ƙasa ƙwarai. Ido ya faɗa, ba fitsari, jiki ya saki, ya kasa sha, ko hankali ya fara gushewa, wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya, ba a iya shi a gida. A nemi kowace hanya, maƙwabci mai keke ko mai karo, ana ɗura masa da cokali a hanya muddin yana iya haɗiya. Wanda ya suma kada a zuba masa komai a baki, zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe. Mai ciki, tsoho, da yaron da yunwa ta riga ta rame, a kai su da zarar hanya ta buɗe ko da suna sha.

Kada a ba da maganin tsayar da gudawa. Flagyl da ake ruguguwar saye ba maganin kwalara ba ne. Akwai magungunan da likita ke bayarwa ga masu tsanani, amma taimako suke yi wa ruwan, ba sa maye gurbinsa.

Addu'ar irin wannan dare gajeriya ce. Mutum ɗaya ya zauna ta wajen kan mara lafiya yana karanta Zabura 23 a hankali, yana kiran sunansa, domin shi ma tsoro yake ji, kuma wanda hankalinsa ya kwanta ya fi karɓar abin sha. Ɗaya yana ba da ruwa, ɗaya yana kula da bokiti. Sauran 'yan'uwa a sanar da su ta waya su yi roƙo daga gidajensu.

Tambaya: An sa azumin kwana uku ba ci ba sha don Allah ya kawar da annobar. Ni mai shayarwa ce, kuma jiya cikina ya fara tsinkewa.
'Yar'uwa daga Kasala

Amsa: Ki sha ruwa yanzu, kafin ki gama karanta wannan. Mai gudawa ba ya azumi ko na awa ɗaya, haka mai ciki, mai shayarwa, yara da masu ciwon sukari. Azumi abu ne mai kyau, amma muna roƙon fastoci su faɗi wannan daga kan bagade da bakinsu, domin akwai masu jin kunyar karyawa su ɓoye ciwo har ya kayar da su. A irin wannan zafi, masu lafiya ma su yi azumin abinci suna shan ruwa. Ishaya 58:6-7 ya ce azumin da Allah yake so ya haɗa da raba abinci da mayunwata. Kuɗin abincin da aka tsallake a sayi sabulu da ORS a raba a layi.

Tambaya: Wani mai wa'azi ya ce kwalara hukunci ce saboda zunuban ƙasar nan. Ƙanwata mai tsoron Allah ce, ta rasu. Zunubin me ta yi?
Wani ɗan'uwa, Port Sudan

Amsa: Allah ya ta'azantar da ku. An yi wa Yesu irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, ya ce ba zunubinsa ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yahaya 9:1-3). Ya kuma ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba (Luka 13:4-5). Kira zuwa tuba na kowa ne a kowane lokaci, amma ba wanda aka ba ikon nuna kabari ya ce ga dalilinsa. Abin da ya kashe ƙanwarka ƙwayar cuta ce da ke bin ruwa da abinci inda yaƙi ya fasa bututu ya cunkusa mutane a makarantu da sansanoni. Irin wancan wa'azi yana da wata illa kuma: yana sa iyali su ɓoye mara lafiya don gudun a ce asirinsu ya tonu. Ka yi kuka, Yesu ma ya yi a kabarin Li'azaru. In kana da fushi, ka kai shi gaban Allah yadda yake, Zabura 13 da 88 an rubuta su ne don irin ranakunka.

Tambaya: Mu dattawan ikilisiya mun rabu biyu. Wasu sun ce a rufe sujada kamar lokacin korona, wasu sun ce kada a canza komai. Ga Jibin Ubangiji, ga ziyarar marasa lafiya da shafa mai, ga jana'iza.
Dattijon ikilisiya, Damazin

Amsa: Baba, kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Kwalara ba ta bin iska, ba ta bin numfashi ko waƙa. Daga bahaya take zuwa baki, ta ruwa, abinci da hannu. Sai dai in hukumar lafiya ta hana taro, ba dole a rufe ba, kuma mutanen da ke cikin firgici suna bukatar juna. Abin da za a canza shi ne duk abin da ke shiga baki.

A ƙofa a sa bokiti mai famfo da sabulu, da wanda zai tsaya a kai. Kada a sa kwano ɗaya kowa yana tsoma hannu, wannan raba cuta ne. In ba sabulu, a haɗa ruwan wanke hannu: bilic mai kashi 5, awo 1 cikin awo 99 na ruwa. A ɗauke randar da ke bakin majami'a da kofinta guda, kowa ya zo da gorarsa. Abincin zumunta a dakatar, ko a ba da shi da zafinsa yana tururi, ba salak, ba ɗanyen ganye, ba ƙanƙara. Bayan gida a wanke shi kafin sujada da bayanta da haɗin awo 1 na bilic cikin awo 24 na ruwa. Waɗannan haɗe-haɗe biyu kullum ake sabunta su, a roba mai murfi, a inuwa, domin rana da ƙarfe suna kashe ƙarfinsu. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanki, hayaƙinsa guba ne.

A Jibin Ubangiji, mai hidima ya wanke hannu da sabulu a gaban jama'a, a yanka gurasa tun da farko da wuƙa mai tsabta maimakon kowa ya gutsura, a yi amfani da ƙananan kofuna, abin sha kuma da dafaffen ruwa. Tsoma gurasa cikin ƙoƙo ɗaya yana da haɗari, domin yatsu ne ke shiga.

Yakubu 5:14 ya ce mara lafiya ya kira dattawa su yi masa addu'a suna shafa masa mai. Ku je, kada ku bar kowa shi kaɗai, har da maƙwabtanku Musulmi in suna bukatar mai ɗauka ko mai kawo ruwa. A 1527, da annoba ta shiga Wittenberg a Jamus, malamin ikilisiya Martin Luther ya ƙi barin garin, ya zauna yana hidima, ya kuma rubuta cewa a sha magani, a tsabtace gida, a guji shiga inda ba a bukatar mutum. Ku je mutum biyu, ba goma ba. A tsiyayi man a kan auduga, a shafa a goshi, a jefar da audugar, yatsa kada ya koma kwalba. Kada a ci ko a sha komai a gidan, ku faɗa musu dalili da taushin murya don kada su ji an ƙyamace su. A wanke hannu da sabulu kafin a fita. Ku tafi da ORS a aljihu, in kun tarar ba a kai shi cibiya ba, ku ne masu kai shi.

Ku koya wa masu jinya cewa bahaya da aman mara lafiya a bokiti ake tarawa, a zuba musu haɗi mai ƙarfi, awo 2 na bilic cikin awo 3 na ruwa, a bari kamar kwata awa, sannan a juye a masai. Tufafi da zannuwa a jiƙa su minti 10 a haɗin 1 cikin 24 ko a tafasa, a shanya a rana. Kada a kai su bakin kogi ko kusa da rijiya.

Jana'iza ita ce wuri mafi wuya, domin gawar mai kwalara tana ci gaba da fitar da ruwa mai cike da cutar. In akwai ma'aikatan lafiya masu shirya gawa, a bar musu. In babu, mutum biyu ko uku kawai, da safar hannu, su goge jikin da haɗin nan mai ƙarfi, su toshe baki, hanci da dubura da audugar da aka jiƙa a cikinsa, su naɗe da leda kafin likkafani ko akwati. Ba sumba, ba rungumar gawa, ba kwana da ita ana jiran dangi daga nesa, a binne a ranar. Kabari ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko kogi. Waɗanda suka taɓa gawar su yi wanka da sabulu, su canza kaya, kuma kada su kusanci tukunya ko ruwan baƙi a ranar, domin ta nan ne jana'iza ɗaya take haifar da wasu. Karatu, waƙa da addu'a a bakin kabari a yi su cikakku, ba abin da aka rage. Taron ta'aziyya mai abinci a ɗaga shi sai cutar ta lafa, dattawa kuma su raba kwanaki a tsakaninsu suna leƙa iyalin.

In masu rigakafi sun zo unguwa, a sanar a sujada. Maganin na sha ne, ana ba wa daga ɗan shekara 1 zuwa sama, kuma a Oktoba 2022 aka koma bayar da shi sau ɗaya a lokacin ɓarkewa saboda ƙarancinsa a duniya. Kariyarsa ba cikakkiya ba ce, kuma takan ɗauki kwanaki kafin ta kama, don haka wanda ya sha ma ya ci gaba da gyara ruwansa.